Kwalbar Manjan Iya

Litinin, 6 ga Agusta, 1956, bayan la'asar

Littafin awon kaya ne wannan, na tasha. Ruwa ya taɓa shi ta gefe, aka ce a jefar, ni kuwa na kawo shi gida, don in na dawo yanzu ba wanda zan yi wa magana. Shekarata tara ina malamin awo a tashar jirgin ƙasa ta Lafiya, ban taɓa rubuta abin da ba laba da oza ba. Bari in gwada.

Ngodoo, matar maƙwabcina Kofur Iorkyaa kafinta, ta dawo daga Awe ɗazu. Can take saro gishiri. Can kuma matata Sabuwa take, gidan uwarta, ita da 'yarmu Hassana, yau kwana goma sha biyar. Ban bari ta sauke kaya ba na tare ta. Ta ce suna lafiya. Na ce me Sabuwa ta ce? Ta ce ba ta ce komai ba, uwarta Iya ce ta ba da saƙo. Sai ta zaro kwalbar manja daga kwando ta miƙo mini.

"Iya ya ce ka aje wannan a ɗaki, a ƙasa, wurin gado. Ranar da manja ya kwana bai yi barci ba, ka zo ka ɗauke su. In ya yi barci, kar ka sha wahalar hanya."

Na yi dariya don kada ta karanta fuskata. Wato surukata ta naɗa mini alƙali, kuma alƙalin nan man miya ne.

Laifin na ɗakin ne, ko in ce nawa. Bara na kware jinka na buga kwano. Ni ne na farko a layinmu, har mutane suka riƙa tsayawa kallo, ni kuma ina fitowa ƙofar gida ina gyara hula. Da Iya ta zo ta ɗaga kai ta duba, abin da ta ce kawai shi ne na rufe 'yarta a tukunya. Da rana ya gasa mutum, da asuba ya tsotse ɗumin ɗaki ƙaf, har ya yi gumi yana ɗigowa. A lokacin na ce a raina tsohuwa ce, ba ta san zamani ba. Tun safiyar Babbar Sallah ban sake faɗin haka ba.

Na ajiye kwalbar inda aka ce.

Talata, 7 ga Agusta, bayan sallar asuba

Ya yi barci. Na juya kwalbar kai ƙasa, ko motsi bai yi ba. Na kwana da kaskon gawayi kuwa, amma ɗumin duk sama ya tafi.

Laraba, 8 ga Agusta, da asuba

Ya yi barci.

Juma'a, 10 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Na kira Kofur Iorkyaa. Tun da ya dawo daga yaƙin duniya a Bama yake kafinta, kuma ba ya duba aiki sai ya fara zagin wanda ya yi na farko. Ya shigo, ya ɗaga kai, ya tsotsi haƙori.

"Malam, wane jaki ya buga wannan kwano ba silin?"

Na ce shi ne ya buga. Ya ce to wane jaki ne ya ce silin zai jira baɗi? Wannan jakin kam na san shi.

Ya zauna bakin gado ya yi mini karatu. Ya ce ɗaki kamar mutum ne, ta kai yake jin sanyi. Jinka hula ce mai kauri, kwano kuwa aski ne. Silin kaɗai ba ya riƙe ɗumi, sai an shimfiɗa masa wani abu a bisa, abu mara nauyi, busasshe, wanda iska za ta shiga cikinsa ta zauna ba ta yawo. A bar kuma sarari tsakaninsa da kwano, don gumin kwanon ya sami hanyar bushewa.

Muka bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Farin allon nan na gidajen Turawa, sai an aika Fatakwal, kuma kafin ya iso Hassana ta fara rarrafe. Ƙaiƙayin shinkafa yana da kyau, amma ya ce in na sa shi na gina wa ɓeraye bariki. Ciyawa a tsakiyar marka ɗanya ce, ruɓewa za ta yi. Audugar rimi ita ce sarauniya, sai dai rimi da rani yake fashewa, yanzu ko a kasuwa ba a samun ta sai a cikin matashin kai.

Ya juya ya dubi gadon da yake zaune a kai, tabarma ce kawai bisa katako. Ya ce, "Ina katifa na amarya? Wannan katifa rimi ne zalla, ni na ɗauko shi daga mota." Na ce tana ɗaya ɗakin, a naɗe, ba ta taɓuwa. Bai ƙara tambaya ba. Shi ne ya riƙe mini fitila ran nan, ya san abin da ya sani.

Mun tsaya a kan mu fara da gwangwala da zana, abin shimfiɗa kuma Allah ya kawo.

Lahadi, 12 ga Agusta, da yamma

Sai da ya dawo coci muka fara. Mun kafa gwangwala sha huɗu daga bango zuwa bango, muka ɗaure zana a kai. Ya sauko da silin ƙasa sosai, in na miƙa hannu ina taɓawa. Na ce ya mayar mini da ɗaki akurki. Ya ce kaji ba su taɓa kukan sanyi ba.

Ɗakin ya yi duhu, ya yi shiru. Ko ruwan da aka yi da la'asar bai yi ƙarar da ya saba ba. Sabuwa ta sha cewa in ana ruwa ba ta jin abin da nake faɗa, ni kuma in ce ai ta huta. Yau da tana nan da ta ji komai, sai dai ban san me zan ce ba.

Talata, 14 ga Agusta, da asuba

Ya yi barci, amma ba mai nauyi ba. Da na karkata kwalbar, sama-sama ya ɗan zame. Na tsaya ina lallashinsa kamar mahaukaci.

Juma'a, 17 ga Agusta, bayan magariba

Yau arba'in. Yau ya kamata a ce ta fita wanka, an yi kunun kanwa na ƙarshe, an dawo mini da su. Yau kuma cika-ciki, duk unguwa ƙamshin miya. Gida uku aka aiko mini da tuwo, ga shi nan a rufe.

Ngodoo ta sake dawowa daga Awe. Wannan karon da saƙon Sabuwa. Ƙunshin gishiri ne a ɗinke cikin tabarmar kaba, irin yadda suke ɗaure shi can. Na ce gishiri kuma? Ina da shi.

"Ba na miya ba ne, Malam. Sun rataya ƙwarya biyu a sanda, Hassana a ɗaya, gishiri a ɗaya, har suka yi daidai. Matarka ya ce mijinta ba ya gane magana sai a kan sikeli."

Ngodoo na dariya, ni ma na yi. Wannan bakin Sabuwa ne, ba wanda zai ara mata shi. Ashe tana nan. Ashe ba ta daina tsokanata ba.

Na koma tasha da ƙunshin, ko da yake an tashi aiki. Babban sikeli ba ya jin abu ƙarami haka, sai na ɗora a na ofis. Laba huɗu da oza shida. Na sake ɗorawa, ko zai ƙaru. Bai ƙaru ba. A hanyar dawowa na lura a gwiwar hannu na ɗauko shi, na tallafe ƙasansa, ina kauce wa ramuka.

Ran da aka haife su a ɗakin nan, wata bakwai, ban ɗauki ko ɗaya ba. Ungozoma ta ce hannuna ya yi girma, ni ma tsoro nake ji. Na ce sai sun yi ƙwari.

Tabarmar tana warin hayaƙin Awe, da ƙasar fadamar gishiri. Haka zanen Sabuwa yake wari ran da na fara ganinta ta kawo kaya awo, ta ce sikelina ɓarawo ne. Ina kewarta. Na rubuta, ba wanda zai gani.

Lahadi, 19 ga Agusta, da azahar

Kofur ya tafi ƙauyensu jana'iza, sai jibi. Ni kuma dabara ta zo mini.

Bayan shagon kaya a tasha akwai tarin tsofaffin tabarmin gishirin Awe, waɗanda fatake ke yarwa in sun juye a buhu. Ba nauyi, ga kauri, kuma a inuwa suke. Na kwaso kai uku. Na shanya su a ɗan hasken ranar da aka samu, na hau tsani na shimfiɗa su bisa zana, rufi uku, na toshe kowane lungu.

Ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba. Ba kaurinsu ne ya ja ni ba. Da na gama na sauko na rufe ƙofa, sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki warin Awe. Na kwanta a tabarma da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba, na rufe ido.

Litinin, 20 ga Agusta, da asuba

Rabi ya farka. Wallahi rabi ya farka, yana gudana har wuyan kwalba. Jiya ba a yi ruwa ba, na sani, amma rabi rabi ne. Na tare direban motar gishiri na ba shi saƙo ya kai wa Iya: an gama ɗaki, manja ya kusa, a fara shiri.

Na share tsakar gida. Na wanke randa.

Alhamis, 23 ga Agusta, da hantsi

Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Yau da asuba wani abu ya ɗigo mini a leɓe. Na lasa, gishiri. Na kunna fitila na ɗaga, sai ga zana duk ta yi baƙi, ta yi ciki, tana zubar da ruwa ɗis-ɗis ta ko'ina. Ta kusurwar gabas ya fi zuba, daidai inda katifar take a da.

Na kira Kofur. Ya hau tsani, ya zaro tabarma ɗaya, ya matse ta a gabana ruwa ya tsiyaye.

"Malam, kai ne mijin 'yar mai gishiri. Kai ne kana auna gishiri shekara tara. Da damina buhu yana ƙara nauyi ko ba ya ƙara?"

Yana ƙarawa. Ni ne ma nake rage wa fatake laba biyu a kowane buhu saboda ruwan da gishiri ke sha daga iska. Na fi kowa sani a garin nan. Na ɗauki abin da ke kiran ruwa na shimfiɗa a kan inda jaririya za ta kwanta.

Ya ce da an bar shi wata ɗaya, da ƙusoshi sun yi tsatsa, silin ya sauko a kan wanda ke ƙasa. Ya faɗa, sai ya ga fuskata, ya juya ya kama aiki. Muka kwashe komai, har zanar, muka zubar bayan gida. Ngodoo ta tsaya daga bakin zaure ta ce a hankali, "Wari ne ya ruɗe shi." Mijinta ya ce ta tafi ta duba tukunya.

Sau biyu ke nan ina yi wa ɗakin nan abin da raina ke so, ba abin da yake bukata ba.

Juma'a, 24 ga Agusta, da asuba

Ya yi barci. Kwano tsirara, kamar ba a taɓa yin komai ba. Kuma saƙona ya riga ya tafi.

Lahadi, 26 ga Agusta, bayan la'asar

Jiya da fushi na wuni. Wace irin shari'a ce wannan? 'Yata ce, matata ce, sadaki na biya, amma sai man miya ya ba ni izini. Har na ɗauki kwalbar na sa a hammata, na ga yadda take narkewa cikin minti goma. Wa zai sani? Ngodoo kawai zan kira ta gani ta kai shaida. Na daɗe a tsaye da ita a hammata. Sai na tuna wanda zai kwana a ƙasan nan in na yi ƙarya, na mayar da ita wurinta.

Yau mun ɗaura sabuwar zana. Muna cikin aiki sai ga Ngodoo da tulin matasan kai a ka, ta bi gida-gida ta karɓo. Na matar liman, na matar mai gadin tasha, na tsohuwar nan mai ƙosai da ba ta ga maciji da ni tun da akuyarta ta ci mini rama. Goma sha ɗaya. Na ce me ta gaya musu? Ta ce ba ta gaya musu komai ba, ai duk sun zo gaisuwa ran nan.

Mun farke su, mun shanya audugar a ɗakin girki kusa da murhu, muka ɗura a tsofaffin buhunan atamfa muka ɗinke, kowanne faɗin kamu biyu, kaurin tafin hannu. Kofur ya ce kada a danna ta, a bar ta ta yi numfashi, in an matse ta ba ta da amfani. Rimi ba ya shan ruwa, ya ce, a jirgin ruwan da ya kai su Bama da shi ake cika rigar ceto.

Yau layinmu kowa a kan hannunsa zai kwana.

Talata, 28 ga Agusta, da yamma

Audugar ta rufe kashi biyu cikin uku. Saura gabas. Kofur ya ce rami ɗaya ya isa ɗumi ya gudu, kamar tulu mai huda. Ya tattara kayan aikinsa, ya tsaya a ƙofa.

"Malam, ni ba zan ce komai ba. Amma rimi yana cikin gidan nan."

Na ce na ji.

Laraba, 29 ga Agusta, da hantsi

Ban je aiki ba, na aika cewa ba ni da lafiya.

Na buɗe ɗaya ɗakin. Katifar tana nan yadda na naɗe ta ran Sallah da rana, bayan mun dawo daga maƙabarta, na ɗaure da igiyar guga. Na fito da ita tsakar gida, na kwance. Na zaci zan iya yin abin da sauri, in farke, in kwashe, in tashi.

A cikin naɗin akwai hula. 'Yar ƙarama, ta zaren ulu, ja. Sabuwa ta saƙa guda ɗaya tun tana da ciki, da suka zo su biyu sai ta zauna a kan katifar nan ta warware bakin mayafinta ta saƙa ta biyu. Hassana ta tafi Awe da fara. Wannan ja ɗin lemun tsami ma ba zai shige ta ba.

Husaina. Sunanta Husaina. Kwana goma sha ɗaya ta yi. Ni na raɗa mata sunan a kunne, kuma tun ran nan ban sake furta shi ba, ko a salla sai in ce "yarinyar". Da asuba ne, ana shirin idi, kwano yana ɗiga, Sabuwa ta ce, "Malam, taɓa ƙafarta." Na taɓa. Wannan ne karo na farko da na taɓa ta.

Ban san ko sanyin ne ba. Ungozoma ta ce bakwaini sai Allah. Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Duk na yarda. Amma ni na buga kwanon.

Na zauna a tsakar gida har rana ta take. Daga baya na kawo reza na farke katifar. Audugar tana nan fara tas, a bushe. Ta cika gabas har da saura. Hular tana aljihuna.

Alhamis, 30 ga Agusta, da asuba

Ɗakin da ɗumi, na kwana ba mayafi. Manja ya yi barci daga ƙasa, wajen yatsa biyu.

Juma'a, 31 ga Agusta, da asuba

Yatsa biyu. Na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na liƙe taga. Ban san abin da ya rage in yi ba.

Asabar, 1 ga Satumba, bayan magariba

Iya ta zo. Ita kaɗai. Motar gishiri ta kwana biyu a laka, Iya ta sauko da taɓo har gwiwa, da ƙunshi a ka. Saƙon nan nawa na gaggawa ne ya taso ta. Na durƙusa a zaure na gaishe ta, kaina a ƙasa. Ta amsa a gajarce, ta wuce ɗaki, ta daɗe tana kallon sama. Ta sa sandarta ta ɗan taɓa zanar. Sai ta ce a kawo mata ruwan alwala, a nan za ta kwana.

Ni gidan Kofur zan kwana. Yatsa biyu. Gobe za ta gani da idonta.

Lahadi, 2 ga Satumba, da hantsi

Na yi sallama bayan asuba, na tsuguna a bakin ƙofa daga waje. Tana zaune a tabarma da carbi, kwalbar a gabanta. Ta ɗaga ta, ta karkata. Daga inda nake ina hango abin da ya kwanta a ƙasa.

Na ce, "Iya, ya yi barci. Kullum haka yake yi, yatsa biyu. Kuma saƙon da na aika na yi gaggawa, a lokacin tabarmin gishiri na sa, suka jiƙe, muka kwashe."

Ta ce ta ji labari tun a tasha. Ta ce duk Awe ba yaron da zai yi wannan wauta, sai malami. Sannan ta nuna sama da carbi.

"Wannan na gabas, rimin ina ne? Ya fi sauran kauri."

Na ce na katifa ne. Ta ce wace katifa? Ta sani sarai, ita ta ɗura ta da hannunta. Na ce, "Wadda Husaina ta rasu a kai."

Ta ajiye kwalbar a ƙasa. Can ta ce, "Sabuwa ta ce tun ran nan ba ka kira sunan ba. Ta ce ba za ta iya zama ɗaki ɗaya da mutumin da yake yi kamar ɗaya ta haifa ba. Sanyi kam na ji tsoronsa, amma wannan ya fi damunta."

Na zaro hular daga aljihu na ajiye a bakin tabarma. Na tura ta gabanta. Ta ɗauka ta juya ta, ta miƙo mini, ta ce ba ita zan ba ba.

Na ce to manja fa?

"Malam, a marka manja ba ya kwana a farke ko a ɗakin wa. A ɗakina ma barci yake yi, ga wuta ga jinka. Lokaci nake nema wa yarinya ta yi nama, kai kuma ka sami abin yi da hannunka. Da na ce maka jira kawai, da ka zo ka tsaya mini a ka da maganar sadaki."

Kwana ashirin da bakwai ina gaishe da kwalba kowace asuba. Na so in ji haushi, na nema ban samu ba.

Ta tura mini ƙunshin da ta zo da shi, ta ce na shekaranjiya waccan ne, in je in auna tunda sai da sikeli nake ganewa. Ta ce ita dai ta san yanzu in Hassana ta yi kuka har maƙwabta suna ji. Ta ƙara da cewa ƙafafunta na tsufa ba su yi sanyi ba jiya, ɗaki ya yi.

Laba biyar da oza tara. Sau ɗaya na ɗora.

Talata, 4 ga Satumba, da sassafe

Mun kama hanyar Awe ni da Iya. Kofur ya ce in na dawo in biya shi da yi masa shiru shekara guda a kan maganar zamani. Ngodoo ta kai manjan ɗakin girki, na je na dawo da shi wurinsa.

Asabar, 8 ga Satumba, bayan sallar asuba

Jiya da la'asar muka iso. Sabuwa ta rame. A Awe ba mu yi wata magana ba, mutane sun yi yawa. A mota na ba ta hular, ta riƙe a hannu tun daga can har Lafiya.

Da ta shiga ɗaki ta dubi gado, katako da tabarma. Ta ce, "Ina katifata?" Na nuna mata sama, ta gabas. Ta daɗe tana kallo. Sai ta jawo tabarmar daga kan gado ta shimfiɗa a ƙasan wurin, ta ce a nan za su kwanta. Ta ce, "Malam, ka mayar da ɗaki akurki." Na ce haka na gaya wa Kofur. Muka yi dariya, daga nan ta yi kuka, ni ma na yi. Mun kira sunan Husaina sau da yawa.

An yi ruwa kafin asuba, ban ji ƙararsa sosai ba. Da na idar da salla na duba kwalbar, don hannu ya saba. Yatsa biyu.

Sabuwa ta buɗe ido ta gan ni tsugune. Ta ce, "Bar kwalbar nan. Taɓa ƙafarta."

Na daɗe kafin in miƙa hannu. Tafin ƙafar bai kai babban yatsana ba. Da ɗumi. Ta harbe ni, ta tsala kuka, har na ji Ngodoo ta bayan katanga tana cewa to, an fara.

Na ɗauke ta. Hannuna bai yi girma ba.